Lincoln, Hadijatou Mani da tambayar “ɗan wane ne?”

Wannan shi ne jawabin da wani malamin tarihi ya gabatar a zaman tattaunawar matasa a birnin Tahoua. Mun kawo muku shi yadda ya faɗe shi.



Iyayenmu da ke zaune a nan gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena maza da mata, 'yan lise, 'yan jami'a, da 'yan kabu-kabun da na ga sun jingine babura a waje sun shigo, sannunku da zuwa, sannunku da zafi.

Ina shigowa wani tsohon ɗalibina ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, “Mushe, mu da ke fama da tsadar hatsi da rashin aikin yi, mi ya haɗa mu da wani Bature da ya mutu tun kakanninmu ba su zo duniya ba?” Na ce masa ya samu wuri ya zauna. In muka tashi bai ga abin da ya haɗa mu ba, ni zan biya kuɗin shayin fadarsu na sati guda. Ga shi can yana dariya. To bari mu gani.

Zan fara da gidanmu kafin in tafi Amurka.

Shekaru kaɗan da suka wuce, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya ga yarinyar da yake so. Tare suka yi lakkwal a nan Tahoua. Ta yi karatun ungozoma, tana aikinta, ga hankali ga ladabi, har mahaifiyarmu ta fara kiranta “ɗiyata”. Aka kai gaisuwa, aka karɓa. Sai ƙanen mahaifinmu ya ce, kamar yadda aka saba, zai je ƙauyen iyayenta can arewa ya yi bincike. Kwana biyu ya yi. Da ya dawo aka shimfiɗa tabarma a zaure bayan isha'i, mu maza muka zauna. Bai ja magana ba. Ya ce, “Yarinya ba ta da aibi. Amma ba ɗiya ba ce.” Kun san abin da yake nufi. Kakan kakanta wani ne ya mallake shi. Nan maganar auren ta mutu.

Ina kan tabarmar nan. A cikin satin ne na koya wa 'yan ajina cewa an hana cinikin bayi a ƙasar nan tun 1905, har na sa musu shi a jarrabawa. Ƙanena ya dube ni, don ni ne babba, ni ne mai boko. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma. Ban ce uffan ba. Bayan wata uku ya ɗauki jakarsa ya tafi bida Abidjan, kuma har yau in mun yi waya, gaisuwa ce kawai.

Shi ya sa tarihin Abraham Lincoln yake taɓa ni. Shi ma ya daɗe yana sunkuyar da kai irin nawa, kafin ranar da ya ɗaga.

An haife shi ranar 12 ga Fabrairu 1809 a wata bukkar katako a jihar Kentucky. Talaka ne ɗan talaka. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 9. Duk zaman da ya yi a aji, in an haɗa, bai wuce shekara guda ba, sauran karatun da littattafan aro ya yi shi. Mahaifinsa kan tura shi ƙodago gonakin maƙwabta, ya sare itace, ya kafa shinge, in an biya uban ne ke karɓar kuɗin, don dokar lokacin ta ba uba ladan aikin ɗansa har sai ya kai shekara 21. Yana saurayi ya bi kogin Mississippi cikin jirgin dako sau biyu, a 1828 da 1831, zuwa New Orleans, inda babbar kasuwar bayi ta Amurka take. Daga baya ya koya wa kansa shari'a, ya zama lauya a garin Springfield na jihar Illinois, ya shiga siyasa, ya sha kaye, ya sake tashi.

Ku dubi ƙasar da ya tashi a cikinta. A ƙidayar 1860 akwai bayi kusan miliyan 4 a Amurka, jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka. Su ke noman audugar da ƙasar ta fi samun kuɗi da ita a kasuwar duniya. A jihohin kudu bawa dukiya ne: da shi ake jingina a karɓi bashin banki, da shi ake rabon gado. Jihohin arewa sun bar bauta, amma masaƙunsu da bankunansu na cin ribar audugar nan. A 1857 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, ta yanke cewa baƙar fata ba zai iya zama ɗan ƙasa ba.

Lincoln ya ƙi jinin bauta, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa zalunci ce. Amma kada in ruɗe ku. Abin da ya shiga zaɓe da shi kaɗan ne: kada bauta ta bazu zuwa sababbin yankunan yamma. Inda take kuwa, a bar ta. A muhawarar neman kujerar sanata a 1858 ma, ya faɗa da bakinsa cewa ba ya goyon bayan a daidaita baƙi da farare a zaɓe ko a auratayya. Wannan ɗan kaɗan ɗin ma masu bayi ba su yarda da shi ba. Da ya ci zaɓen Nuwamba 1860 da ƙuri'ar da ba ta kai kashi 40 cikin ɗari ba, jihohi 7 suka ɓalle tun kafin a rantsar da shi. Ranar 12 ga Afrilu 1861 aka buɗe wuta a sansanin Fort Sumter, masu ɓallewa suka zama jihohi 11. Yaƙin basasa ya fara.

Fiye da shekara guda ana zubar da jini, shugaban yana cewa yaƙin na haɗa kan ƙasa ne. A Agusta 1862 ya rubuta wa wani ɗan jarida, Horace Greeley, cewa in zai iya ceton ƙasar ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba zai yi, in kuma sai ya 'yanta su duka zai yi. A cikin watan nan ɗin ya kira wasu wakilan baƙaƙen fata fadarsa, ya ba su shawarar su kwashi mutanensu su koma wata ƙasa. Mutanen da kakanninsu suka share dajin ƙasar da hannunsu! Wannan shi ne Lincoln mai wasa da bakin tabarma.

To mi ya ɗaga masa kai?

Na farko, bayin da kansu. A Mayu 1861, yaƙin bai cika wata biyu ba, bayi uku suka sato jiki cikin dare suka haye ruwa zuwa sansanin sojan gwamnati na Fort Monroe a Virginia. Aka aiko a mayar da su. Janar Benjamin Butler ya ƙi. Labari ya bazu, uku suka zama ɗari, ɗari suka zama dubbai. Ba wanda ya ba su takarda, ƙafarsu ce ta kai su. Gwamnati ta wayi gari da tambayar da take gudu tana tsaye a ƙofarta.

Na biyu, masu gaya masa gaskiya. Babbansu Frederick Douglass, wanda shi kansa bawa ne da ya gudu, ya zama ɗan jarida kuma gwanin magana. Ya soki Lincoln a jarida ba sassauci. A Agusta 1863 ya shiga har ofishinsa ya ce masa ba daidai ba ne sojan baƙi ya karɓi dala 10 a wata, a kuma cire 3 na tufafi, alhali na fari na karɓar 13. Lincoln bai kore shi ba, bai sa an kama shi ba. Ya saurare shi, daga baya ma shi ya sake aika masa ya zo.

Na uku, lissafin yaƙi. Duk bawan da ya bar gonar kudu ya raunana abokan gaba, in ya sa kaki kuma ya ƙarfafa gwamnati. Bayan yaƙin Antietam na Satumba 1862 Lincoln ya yi gargaɗi, ranar 1 ga Janairu 1863 kuma ya sa hannu a shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Shelar ba ta shafi jihohi 4 masu bayi da suka tsaya tare da gwamnati ba, don yana tsoron su ma su ɓalle. Amma ta buɗe wa baƙi ƙofar soja, kusan 180,000 suka shiga. A cikinsu akwai ɗan yankinmu, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. A Kukawa ta Borno aka haife shi, aka kama shi yana yaro, aka ƙetara hamada da shi zuwa Tarabulus. Ya ga Istanbul, ya ga Rasha, ya samu 'yancinsa, ya kai Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts. Yaron da aka sayar a wannan gefen teku ya ɗauki bindiga don 'yanta bayi a wancan gefen.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne, don nan ne aka gwada shi.

Damina ta 1864. Shekara uku ana yaƙi, gawa ta yi yawa, mutane sun gaji, zaɓe ya matso. Shi kansa ya binne ɗansa Willie a 1862 yana cikin fadar. Manyan jam'iyyarsa suka fara matsa masa ya ajiye maganar 'yanta bayi a nemi sulhu da kudu, in ba haka ba kujera za ta tafi. Shi ma ya yarda za ta tafi. Ranar 23 ga Agusta ya rubuta wata 'yar takarda cewa da alama ba za a sake zaɓensa ba, ya naɗe ta, ya sa ministocinsa suka sa hannu a bayanta ba su karanta ba. Ya yi ta juya maganar a ransa, amma a ƙarshe bai janye ba. Ya gaya wa wasu baƙinsa cewa in ya mayar da mutanen da suka yi masa yaƙi cikin bauta, ya cancanci la'ana duniya da lahira. Farkon Satumba birnin Atlanta ya faɗa hannun sojan gwamnati, iska ta juya, ya ci zaɓe a Nuwamba. Amma a ranar da ya ƙi janyewa bai san Atlanta za ta faɗi ba.

Da ya ci, bai huta ba. Ya san shela ta lokacin yaƙi kotu na iya soke ta in an yi sulhu. Ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya har ranar 31 ga Janairu 1865 majalisar wakilai ta amince, da ƙuri'a 119 a kan 56, da gyara na 13 ga kundin tsarin mulki, wanda ya haramta bauta a duk ƙasar. Ranar 9 ga Afrilu babbar rundunar kudu ta miƙa wuya. Ranar 11 ya yi jawabi ya ce a ba wasu baƙi, musamman waɗanda suka yi soja, damar jefa ƙuri'a. Mutumin da a 1858 ya ce ba ya so! A cikin masu sauraro akwai John Wilkes Booth. Ranar 14 ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo, da safiyar 15 ya cika, yana da shekara 56. Yaƙin ya ci rai fiye da 620,000.

Girman Lincoln a wurina guda biyu ne: ya bari gaskiya ta canza shi, kuma da ranar biyan kuɗinta ta zo bai gudu ba.

Sai dai labarin bai ƙare da takarda ba. A Texas sai ranar 19 ga Yuni 1865 soja suka isa Galveston suka sanar da bayi cewa sun 'yantu, shekara biyu da rabi bayan shelar. A bakin tekun kudu an fara raba wa iyalan 'yantattu gona, eka 40 kowane gida, kusan hekta 16 ke nan. Wanda ya gaji Lincoln, Andrew Johnson, ya ƙwace ya mayar wa tsofaffin iyayengiji. Mutum ya 'yantu amma ba shi da inda zai shuka, sai ya koma gonar da ya baro yana noma ana raba amfanin, bashi na bin bashi. Sai bayan shekara ɗari, a 1964 da 1965, aka yi dokokin da suka rushe wariya suka tabbatar da ƙuri'a. Kun san ƙofar da ta fi daɗewa a rufe? Aure. Sai a 1967 kotun ƙoli ta soke dokokin da suka hana baƙi da farare auren juna, lokacin suna nan a jihohi 16.

Gona da aure. Ɗalibina, ka fara ganin abin da ya haɗa mu? Mu dawo gida.

Adar tana zaune tsakanin hamada da ƙasar Hausa, tsakanin Agadez da Sakkwato. Ayari ya bi ta, hari ma ya bi ta. Mai son sanin wannan zamanin ya nemi aikin Farfesa Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, shi ne wanda jami'armu ta nan ke ɗauke da sunansa. Kuma kada kowa ya nuna wa wani yatsa a zauren nan. Hausawa, Abzinawa, Fulani, Zabarmawa, Barebari, Larabawa, ba wanda kakanninsa ba su riƙe bayi ba, ba kuma wanda ba a kama nasa ba. Harshenmu shaida ne. Muna da bawa da kuyanga, muna da cucanawa, waɗanda aka haifa cikin bauta. Muna da rinji, ƙauyen bayi. Muna da murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya bar shi ya nemi na kansa. Muna da fansa. Da Tamashek ana cewa iklan. Mutane ba sa raɗa wa abin da ba su sani ba suna har haka.

Mai fakewa da addini kuma ya sani malamai sun riga shi magana. Tun wajen 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne, kuma bai halatta a mallaki mutanen Kano, Katsina, Gobir, Borno da Songhai ba, domin Musulmi ne. Addinin da ya sa 'yanta bawa cikin kaffara, ya sa Bilal ya zama ladanin farko, ba shi ne ya ce a bi kakan kakan yarinya a hana ta miji ba.

Takardu kam muna da su. Ranar 12 ga Disamba 1905 Faransa ta yi dokar hana cinikin mutane a ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, ko da yake ita kanta ta ci gaba da kwasar mutane aikin tilas har 1946. Ranar 3 ga Agusta 1960 muka samu abin da muke kira ɗiyaucin ƙasa. Ku lura da kalmar: ɗiyauci, zama ɗa. A 1991, shekarar babban taron ƙasa, aka kafa ƙungiyar Timidria, ma'anarta 'yan'uwantaka da Tamashek, ta fito ta ce bauta na nan. Ranar 13 ga Yuni 2003, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka yi dokar da ta sa bauta cikin manyan laifuka, hukuncinta ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Wannan doka babban abu ce, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka yi ta.

Amma ita ma ranar gwajinta ta zo. A Maris 2005 aka shirya biki a Inates, jihar Tillaberi, inda wani shugaban ƙabila ya yi alkawarin sakin mutum 7,000 a gaban 'yan jarida. Ranar ta zo, ba a saki kowa ba, aka ce babu bauta a Nijar. Wata mai bi aka kama shugaban Timidria, Ilguilas Weila, da zargin zamba, ya yi makonni a tsare kafin a sake shi. Hukuma ta ji kunyar idon duniya. Lincoln ya zaunar da Douglass ya saurare shi, mu kuwa namu mai faɗar gaskiyar kurkuku ya kwana. Tafin hannu dai ba ya rufe rana.

Wadda ta ɗaga hannun nan 'yar jiharmu ce, Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jikka 240 ga wani mutum mai shekara 46 a yankin Birnin Konni, a matsayin wahaya, abin da wasu ke kira mace ta biyar: ba sadaki, ba ɗaurin aure, ga aikin gida da na gona, ga shimfiɗa. Shekara tara ta yi a haka. Ranar 18 ga Agusta 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Ta kai ƙara. Kotu ɗaya ta ba ta gaskiya, ta sama ta soke. Da ta auri mutumin da ta zaɓa, aka yanke mata ɗaurin wata shida a 2007 wai ta yi aure kan aure, ta shiga kurkuku. Ba ta haƙura ba. Da taimakon Timidria da lauyoyi ta kai ƙasar Nijar gaba ɗaya ƙara kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce an bautar da ita, ƙasarta ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin. A 2014 kuma kotu a Birnin Konni ta ɗaure wani mutum shekara 4 kan riƙe wahaya.

Hadijatou ba ta da digiri, ba ta da jam'iyya. Irin mutanen nan uku ce da suka haye ruwa zuwa Fort Monroe. Takarda na hannunta amma sai da ta taka da ƙafarta.

Yau ba za ka ga kasuwar bayi a Tahoua ko Keita ko Abalak ba. Abin da ya rage kun san shi, wasunku a jikinsu suka san shi. Gidan da ya yi shekara aru-aru yana noman gona, amma ranar da ya so ya haƙa rijiya ko ya bar wa ɗansa gado sai a tuna masa gonar ba tasu ba ce. Malamin da ya fi kowa karatu a gari amma ba za a bar shi ya ja salla ba. Ɗan takarar kansila da za a kayar da kalma ɗaya a kunnen masu zaɓe. Zagin da muke jefa wa juna a fada muna dariya, alhali akwai wanda ke dariyar da ciwo a ciki. Da kuma tabarmar neman aure. Da yawa cikin samarinmu da suka tafi bida suka ƙi dawowa, ba talauci kaɗai ya kore su ba. A Abidjan ko Legas ba mai tambayarka ɗan wane ne, aikinka ake dubawa.

Majalisa ta yi nata, kotu ta yi nata. Takardar da ta rage ba a Yamai za a sa mata hannu ba. A zaurukanmu take, kuma a zauren gidanku kai ne Lincoln ɗin, ko ke. Abu uku nake roƙo.

Na ɗaya, bakinmu. Daga yau, wanda ya kira wani bawa ko ɗan bayi a fadarku ko a gurup ɗinku na WhatsApp, ko da wasa, a samu mutum ɗaya da zai ce, “Mu bar wannan.” Za a ce ka cika tsanani. Ka jure.

Na biyu, tabarma. In aka je binciken aure, a binciki sallarsa, halinsa, sana'arsa, lafiyarsa, yadda yake riƙe da uwarsa. In aka kawo maganar asali, kada ku yi irin nawa. Kuma ba da rashin kunya ba. Wata guda kafin a kashe shi, Lincoln ya yi kira ga mutanensa kada su riƙe kowa da ƙiyayya, har waɗanda suka yaƙe su, amma bai fasa abin da ya sa gaba ba. Iyayenmu gadon maganar suka yi, ba su suka ƙirƙire ta ba. Ka durƙusa ka ce, “Baba, Allah ya ba ka haƙuri, a nuna mini laifin da ita ta yi.” Ka maimaita gobe. Ka nemi limami ko gwaggon da ake jin maganarta.

Na uku, in kun san yarinyar da aka ajiye wahaya, ko mutumin da ake tilasta wa aiki da sunan gado, doka tana bayanku tun 2003. Akwai jandarma, akwai alƙali, akwai ƙungiyoyin da suka san hanyar. Shirunku shi ne katangar da mai yi yake fakewa a bayanta.

Ku kuma ƙannena da ke zaune a nan kuna jin maganar nan a ƙirjinku, kuna addu'ar kada a dube ku: wanda aka kama yana yaro a bakin rijiya bai yi abin kunya ba, jikansa ma haka. Ku ɗaga kanku.

Ni dai na makara, amma na fara. Ɗiyata ta fari ta kai shekara 16. Ranar Sallar layya da ta wuce na samu ƙanen mahaifinmu bayan an watse, na durƙusa na ce, “Baba, ranar da wani ya zo neman jikarka, kai za ka je bincike, ba wani ba. Amma tambayar nan guda ɗaya, don Allah ka bar ta a gida.” Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, “Boko ya ɓata ka.” Amma bai tashi ba, ya ci namansa, kuma har yau yana zuwa gidana kowace Juma'a. Ƙanena kuma na aika masa saƙon murya na ce na ci amanarsa a daren nan, ya yafe mini. Na ga ya saurara. Bai amsa ba tukuna. Ina jira, don shi ya fi ni daɗewa yana jira.

Ɗalibina, kai za ka yanke hukunci kan maganar shayi. In ka ce na faɗi, zan biya. Amma ku bar mini wuri a benci, in zo mu ƙarasa maganar a can.

 Allah ya ba mu zuciyar faɗar gaskiya a inda take da tsada, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.